Mahbuba Mai Ofishin Neman Aiki

Cikin waɗanda suka nemi aikin albashi a ƙasar Gumel bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa, da wuya a sami wanda bai taɓa zama a bencin Malama Mahbuba ba. Shagon nata ɗan ɗaki ne a bayan tasha, tsakanin mai facin taya da mai sayar da igiyar dabbobi. A saman ƙofar an rubuta da shuɗin fenti: Ofishin Neman Aiki.

Mahbuba 'yar Malam Ilu ce, dillalin hatsi. Da ta gama sakandare ta koyi buga tafireta a Kano, ta dawo gida ta auri Cindo, direban babbar mota mai jigilar shanu daga Maigatari zuwa kudu. Abin da ya sa ta buɗe shagon kuwa, wata 'yar uwarta ce ta zo daga Gagarawa a farkon 1992, riƙe da takardar shaidar malanta, ta ji ana ɗaukar malamai. Da aka bincika, ashe an rufe karɓar takardu da kwana takwas. Sanarwar tana manne a allon wata ma'aikata a Dutse, mutanen ƙauye kuwa sai labari ya tsufa yake isa gare su. Matar ta koma gida tana share hawaye da gefen mayafi, abin kuma ya tsaya wa Mahbuba a rai.

Ta roƙi Cindo, ya yi ta ja da baya, daga ƙarshe ya amince. Duk Litinin sai ta yi sammako ta hau mota zuwa Dutse, ta bi allunan sanarwa ɗaya bayan ɗaya tana kwafe guraben aiki a littafi. Ran Alhamis tana kasuwar Maigatari, tana tambayar fatake da masu motoci wanda ke bukatar direba, ko mai tsaron shago, ko wanda ya iya Faransanci saboda baƙin Damagaram. Sauran ranakun tana shago. Ta kama akwati a gidan waya, masu neman aiki daga Sule Tankarkar da Gagarawa suka riƙa sa lambarsa a matsayin adireshinsu. In wasiƙar kira ta zo, sai ta ba direban da ke bin hanyar garin mai ita.

Da aiki ya yi mata yawa ta jawo Justina, matar wani ma'aikacin asibiti da suka zo daga Filato. Justina ta fi ta saurin hannu a tafireta, Turancinta kuma ba gyara. Mahbuba tana kiranta Maman Lucky, ita kuma tana ce mata Malama. Kwano ɗaya suke ci da rana. Ranar da suka fara aiki tare suka yi wa juna alkawari ɗaya: duk wasiƙar da ta shigo akwatin nan ba za ta kwana biyu ba ta kama hanyar mai ita.

Shekara uku abin yana tafiya. Sun sama wa malamai aiki, da ungozoma, da masu gadi, da direbobi fiye da ashirin. Dattawan da suka fara cewa mace ba ta da hurumin zama a bayan tasha, su ne suka koma kawo 'ya'yansu da kansu.

A daminar 1995 aka yi sanarwar ɗaukar malaman dabbobi, gurbi ɗaya tak ya faɗo shiyyar Gumel. Mutum biyu suka nema ta hannunta. Na farko Kamilu, mutumin Sule Tankarkar, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ya yi kwas ɗin lafiyar dabbobi ya fito da sakamako mai kyau, ya kuma shekara huɗu yana bin rugage yana yi wa shanu allura ba albashi. Na biyu Bilya, ƙanen mijinta, wanda shi ma ya yi kwas ɗin amma da kyar ya haye.

Wasiƙun kiran ganawa suka iso rana ɗaya, ran Talata. Za a yi ganawar Litinin mai zuwa. Da yammacin ranar Iya, uwar mijinta, ta aika a kira ta.

"Na ji takardar Bilya ta zo," in ji Iya.

"Ta zo, Iya."

"An ce kuma akwai wani ɗan Sule Tankarkar da ya fi shi takardu."

Mahbuba ta sunkuyar da kai.

"'Yar nan, ban taɓa roƙon ki komai ba. Da kika ce za ki zauna a tasha, ni na tsaya miki har Cindo ya bari. Kin sama wa bare aiki, garin nan kowa ya shaida. Yanzu na gida ne. Ban ce ki cuci kowa ba, ki dai duba."

Da Iya ta yi faɗa, da Mahbuba ta san yadda za ta kare kanta. Amma a hankali ta yi maganar, tana tsince wake a faifai. Washegari Mahbuba ta miƙa wa Bilya tasa wasiƙar. Ta Kamilu kuwa ta sa a ƙasan durowa, ta ce wa ranta gobe za ta aika. Goben ta zo ta tafi Maigatari. Juma'a ta ce direbobin hanyar ba su fito ba, alhali ta ga biyu da idonta. Sai ran Talata, bayan an gama ganawa, ta ba da ita.

Justina ce ta ɗauko wasiƙun daga gidan waya tun farko, don haka ta san ranar da suka zo. Ta jira har mutane suka watse, ta rufe tafiretarta da ƙyalle.

"Malama, wasiƙar Kamilu mako guda ta yi a ɗakin nan."

"Mantawa na yi, Maman Lucky."

"Ba ki manta ba. Na ga kin buɗe durowar nan ran Juma'a kin mayar." Justina ta ɗauki jakarta. "Da kin gaya mini, da na kai masa da ƙafata, ki ce wa Iya laifina ne."

Justina ba ta tona mata asiri ba, ko ga mijinta. Ta ƙarasa watan, ta ce ta sami aikin buga takardu a wata makaranta, ta tafi. Suna gaisawa in sun haɗu a kasuwa, amma ba su sake cin abinci tare ba.

Kamilu kuwa ya zo kwana biyu bayan an aika masa da wasiƙar, tana aljihunsa, ya jiƙe da ruwan sama. Bai zargi kowa ba. Ya ce gidan waya ne, haka suke yi. Har ya ba ta haƙuri saboda wahalar da ta sha a kan takardunsa. Bilya ya sami aikin, ya yi wata bakwai, ya ce ba zai iya yawon daji ba, ya ajiye ya bi motar yayansa.

Shagon bai rufe ba. Mutane sun ci gaba da zuwa, ta ɗauki wata mai buga takardu, har ta buɗe ɗan reshe a Maigatari. Amma ta daina jin daɗin aikin. Ta yi ta nema wa Kamilu wani gurbi, sai ga shi an dakatar da ɗaukar ma'aikata, kafin a sake buɗewa kuma shekarunsa sun wuce abin da ake nema. Duk kaka sai ya aiko mata da riɗi ko kankana daga gonarsa. Ba ta iya ci, sai ta raba wa maƙwabta.

A 1998 ta hau mota zuwa Sule Tankarkar. Ta same shi a ƙofar gida yana ɗaure wa wani ɗan maraƙi ƙafa. Ya shimfiɗa mata tabarma, matarsa ta kawo fura. Da suka gaisa ta faɗa masa komai, ba ta sa sunan Iya ba.

Kamilu ya ɗago kai ya dube ta.

"Malama, shekara uku ina cewa rabona ne bai zo ba, hankalina kwance. Da kin bar ni a haka."

"Na kasa ne, Malam Kamilu. Ka yafe mini."

"Zan yi ƙoƙari," ya ce. "Yau dai ba zan yi miki ƙarya ba."

Ya raka ta har bakin hanya, ya tsayar mata da mota. A hanya ta gane cewa nauyin da ta je saukewa, kansa ta ɗora wa rabi.

Shekara guda bayan haka aka yi wa mijin Justina canjin wurin aiki zuwa Haɗeja. Mahbuba ta je sallama da turmin atamfa. Justina ta karɓa, ta rungume ta, ta ce Allah ya sada su da alheri. Ba wadda ta tayar da tsohuwar maganar. A ƙarshen 1999 Mahbuba ta bar wa mai buga mata takardu shagon, ta koma sayar da kayan ɗaki a cikin gida.

Har yau in aka yi zancenta a Gumel, alheri ake faɗi, gaskiya ne kuma. Ita dai in an yabe ta sai ta ce a bar maganar. Kamilu yana nan a Sule Tankarkar, makiyaya suna kiransa likita ko da yake bai taɓa karɓar albashin gwamnati ba. Lokacin da Cindo ya rasu ya zo ta'aziyya, ya zauna cikin maza, ya aika a gaya mata ya zo.