Hasken da Baba Ya Ce In Ɗebo Masa

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi na zo Gwandu hutu daga karatu, na tarar yanar ido ta rufe wa Baba gani. Ya tambayi aikina. Na ce iskar gas ta kabon muke matsawa cikin bututu, mu daidaita ta, don 'yar gajeriyar walƙiyar hasken leza ta ratsa ta fito da ƙarfi. Na kasa gaya masa ko mai lafiyar ido ba ya ganin hasken nan.

Ranar kasuwar Kalgo ina riƙe da sandarsa, yana gaya wa dillalan shanu ɗansa haske yake ƙerawa. A hanyar gida ya ce, "In za ka dawo, ɗebo mini kaɗan."

Na ce to.