Ranar da Buhu Ya Fi Ƙarfin Baba

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da buhun riɗi ya kayar da mahaifina a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, a ƙasar Sudan.

'Yan dako ne mu, ni da shi. Lokacin ina da mata har da 'ya'ya, amma a bakin aiki yaronsa nake. Yadda muke lodi, mutum biyu ne za su kama kunnuwan buhu, su ce "Ya Allah!" su cicciɓa su aza wa na uku a baya, shi kuma ya bi katako ya kai cikin lori. Kowa ya san Baba ya tsufa, amma wa ya isa ya faɗa masa? Taurin kaina ma a wajensa na gada.

Ran nan da hantsi, ni da wani Bahabashe abokin aikinmu muka aza masa buhu. Bai yi nisa ba gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya durƙushe, riɗi ya malale a ƙasa. Ga wakilin mai kaya tsaye yana kallo, dokarsa kuwa sananniya ce: wanda ya kasa ɗauka ya tafi gida. Wallahi zuciyata ta karye, musamman da na ga Baba ya sunkuyar da kai ya ƙi kallona.

Sai Bahabashen nan ya daka min tsawa da Larabcin garin: "Ya zol, kai mutumin nan, hannunka rawa yake! Ka saki kafin ya shirya!"

Na buɗe baki zan musa, ya taka min ƙafa. Ya juya ga Baba ya ce, "Ya Hajji, yaran nan ba su da mai jagora. Hau lori ka riƙa ba mu murya, kada su karya wani."

Baba ya miƙe, ya kaɗe riga, ya harare ni. "Kalas, ya isa haka! Tun yaushe nake gaya maka?"

Na ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Baba."

Daga ranar ba mai cicciɓa sai ya ji muryarsa daga saman lori. Lodi ya ƙara sauri, wakili ya bar Baba a bakin aiki. Ni kuwa na sha tsiya a kasuwa, har suna aka sa min, Mai Rawar Hannu.

Sai a ciwon ajalinsa, ina tallafe da shi zan zaunar, ya riƙe hannuna ya ce, "Bahabashen nan maƙaryaci ne, Allah ya yi masa albarka. Hannunka bai taɓa rawa ba."

Abin da na koya ke nan: buhu ƙarfi kawai yake so, amma in mutum ne ya faɗi, ka ɗaga shi tare da mutuncinsa.