Suna na Bakwai

To ai ni duk wanda ya ce min jera refarens aikin banza ne, zaunar da shi nake ya ji labarin Anti Rifkatu. Ranar nan har yau ba ta fita a raina ba.

Lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Nasarawo, shekarun nan da ba ka shiga tasha ko kasuwa sai an caje ka, in kun zo shingen sojoji kuma ka sauka daga acaɓa ku taka da ƙafa. Yawancin masu zuwa mana ɗaliban lafiya ne da firojet ɗinsu na gama makaranta. Refarens kuwa ba wanda ya koya min, a waya na yi ta tono har na iya. Ga wanda bai sani ba, mutanen lafiya nasu tsarin daban ne, Vancouver ake ce masa. Duk inda ka ɗauko magana daga takardar wani sai ka sa lamba, ɗaya, biyu, uku, yadda suka zo. A ƙarshe ka jera su: sunan gida tukuna, sai harafin farko na sunan mutum, sai kan takardar, sunan mujalla a taƙaice, shekara da shafi. In marubutan sun wuce shida, ka rubuta shidan farko ka sa "et al.", wato da sauransu. Akwai ɗalibin da ya taɓa tambayata wai wane ne wannan Etal ɗin da ba ya gajiya da rubutu. Na ce masa ɗan Bajoga ne.

Anti Rifkatu nas ce, 'yar Tangale, ta dawo ƙaro karatu. Ranar Laraba ta zo. Dokta mai duba aikinta ya dawo mata da shi sau biyu saboda refarens, ya ce Juma'a ce ta ƙarshe. In bai sa hannu ba, ba ita ba kare firojet sai baɗi.

Na buɗe, na ga aikin ma tsaf yake. Lamba ta sha huɗu ce kawai aka zagaye da jan biro: sunaye bakwai ta jera. Ni da rawar kaina na goge na bakwan, na sa "et al.", ina ta yi mata bayanin ƙa'ida kamar ni na kafa ta.

Ta ce, "Ƙanena, mayar da shi."

Na ce ai Anti wannan sunan ne yake kayar da ke. Tana kallon kwamfutar ta ce, "Mijina ne."

Ma'aikacin lab ne, ɗakin gwajin jini, a wani asibiti a Yobe. Shi ya bi ƙauyuka yana ɗibar jinin da aka yi aikin da shi, likitocin suka sa sunansa a ƙarshe. An tare motarsu yana hanyar dawowa Gombe hutu, a nan ya rasa ransa. Ko takardar bai gani an buga ba. Saboda takardar nan Anti ta zaɓi abin da za ta yi firojet a kai. Na tambaye ta me ya hana ta gaya wa Dokta, ta ce ba ta son a sa mata hannu don tausayi.

Kunya ta kama ni sosai. Na mayar da sunan, amma na san in ta kai shi a haka shekararta ta tafi. Sai na koma kan littafin ƙa'idar da na koya da shi a waya, wannan karon na karanta shi layi-layi, ba tsallake. Ashe a ƙasan dokar shidan nan akwai wani ɗan bayani da ban taɓa kula ba: an yarda a jera marubuta gaba ɗaya. Na buga mata shafin, ta kira Dokta ta karanta masa. Ya ce ta ba wa mai shagon waya.

"Kai ne kake koya wa ɗalibaina ƙa'ida?"

"A'a ranka ya daɗe, ni ma yanzu na gani."

Ya yi 'yar dariya, ya ce ya san da ita, amma ƙa'ida ba ta da ɗan lele. In za a jera duka a ɗaya, a jera duka a ko'ina. Ya ga "et al." ko guda, ba zai sa hannu ba.

Refarens arba'in da ɗaya take da su, fiye da rabi da "et al." Alhamis guda muka yi muna neman kowace takarda muna tono sunayen da aka yanke. Netwok yana tafiyar hawainiya, wuta ta ɗauke, muka tada janareta. Wata takardar marubutanta sun haura ashirin. Sunayen Sin, na Indiya, na Yarabawa, wasu ko furta su ban iya ba. Tana karanto min harafi-harafi ina bugawa. Wurin azahar na gaji, na so in wuce wani dogon suna ba tare da na sake dubawa ba. Ta ce in duba, shi ma da mai shi.

Da injin furinta ya fito da shafin, Anti ta bi da yatsa har lamba ta sha huɗu. "Yila D." Shi ke nan abin da ƙa'ida ta ba shi, suna da harafi ɗaya. Ta daɗe a kai, sannan ta ce min, "Dauda ne sunansa."

Ranar Juma'a Dokta ya sa hannu. Ban jin har yau ya san dalili.

Tun daga nan na daina ganin refarens kamar aikin digo da waƙafi. Wurin ne kaɗai ake faɗin wa ya yi wahalar, kuma sau da yawa wanda ya shiga rana shi ne a ƙarshen layi. Har yanzu ina sa "et al." in makaranta ta ce a sa, amma sai na buɗe takardar na karanta sunayen da zan yanke.

Ku da kuke wannan aikin, masu shago da ɗalibai, akwai sunan da kuka taɓa tsayawa a kansa kafin ku goge? Ku ba ni labari, ina son ji.