Uwar Da Rantsuwa Ta Cinye

Matso kusa, 'yar'uwa, ki ji abin da ya tsaya min a wuya.

Jikata Nabila ce, a nan gidan ɗana a garin Germantown na ƙasar waje, take musu da ƙanenta kan wanda ya shanye lemo a firji. Sai na ji ta ce, "On my mama." Ni ban yi boko ba, amma kunnena ba ya barci. Na tambayi ubansu. Ya yi dariya ya ce, "Umma, maganar baƙaƙen fatar ƙasar nan ce. Asalinta rantsuwa ce da ran uwa, wai in na yi ƙarya ta mutu. Yanzu ƙarfafa zance kawai ake yi da ita, ba wanda yake nufin komai."

Ba wanda yake nufin komai. Nan take na ji ƙaurin hayaƙin kara a hancina.

A gidanmu na Gezawa, in an gama cin tuwo, kakarmu Inna Delu takan ja mu bakin murhu, ni da yayata Hanne, tana tona garwashi, gyaɗa na gasuwa a toka. Akwai tatsuniyar da ta fi yawan yi mana, ta wani mai sayar da gishiri. Komai ƙanƙantar ciniki sai ya ce, "Na rantse da uwata." Bai sani ba, kowace rantsuwa tana rage wa tsohuwar nauyi. Yau ta kasa ɗaga tulu, gobe taɓarya ta gagare ta. Shi kuwa kasuwa ta buɗe masa, sai zannuwa yake kawo mata. Ranar da ya shigo da wanda ya fi tsada, ya tarar iska ta ɗauke ta daga kan tabarma kamar ƙaiƙayi.

"To Inna, ƙarya yake yi?" in ji Hanne.

"Ke dai da shegiyar tambaya. Wata ran ma gaskiya yake faɗa. Uwar ce ya mayar gishirin magana, 'yar nema."

Da Hanne ta kwanta ciwo a can Gezawa, na ce wa ɗana ina so in je in gan ta. "Wallahi Umma, da an yi hutun yara zan kai ki." Hutu ya zo, aikin asibiti ya riƙe shi. Wallahi bayan Sallah. Wallahi in an sami mai kula da yaran. Ya sayo min rigar sanyi mai taushi, ya sauya min waya. A wayar nan aka nuna min makarar Hanne ana fita da ita.

Ban yi masa baki ba, ba kuma zan yi ba. Na san duk sanda ya faɗa har ransa yake faɗa, abin da ya fi ci min rai ke nan. Sai dai yanzu in na tsaya a taga ina kallon motoci suna wucewa, nakan tsinci hannuna ya damƙe labule.

Ke da mahaifiyarki take raye, yaushe rabonki da ki duba ko ta fara rage nauyi?