Tawa Ce

Mutanen Illela ba su taɓa gane wasanmu ba. Besbol ake ce masa. A jefo 'yar ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani ya make ta da gora, mu da ke can ƙarshen fili mu cafe ta da safar hannu ta fata kafin ta taɓa ƙasa. A Sakkwato muka koya, ni da ƙanena, har wata ƙungiya ta ɗauke mu aiki. Inna kan ce, "'Ya'yana dai sana'arsu kallon sama, kamar masu duban wata."

Ƙanena ya fi ni iyawa. Tun yana kiwon awakinmu a wajen garin Araba jifarsa ba ta kuskure.

Wasan yana da ƙa'ida. In ƙwallo ta taso tsakanin mutum biyu, wanda ya fi kusa zai daka tsawa, "Tawa ce!" sai ɗayan ya kauce. Wata rana ƙanena ya daka mini ita a gaban jama'a, aka yi dariya. Da muka koma masauki na tsare shi.

"Ni kake yi wa tsawa?"

"Yaya, mi na yi? Haka koci ya ce."

"Kocin ne ya goye ka kana yaro? Kar in ƙara ji."

Ya sunkuyar da kai.

Bayan damina wasu baƙi suka zo zaɓen 'yan wasan da za su fita da su waje. Kowa ya san ƙanena suka zo gani. Aka make wata ƙwallo ta yi sama tsakaninmu. Tasa ce, ko makaho ya sani. Amma ban ji muryarsa ba, sai na ci gaba da gudu, idona a sama. Muka yi karo. Ni na tashi da haɓo kawai, shi kafaɗarsa ta dama ta karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma hannun bai ƙara jifa ba.

Yanzu kabu-kabu yake yi, daga kasuwa zuwa bakin iyakar Ƙonni. In fasinja ya doso, abokan aikinsa na ta ihun "Nawa ne!" shi yana zaune bisa babur, shiru, sai wanda ya zo da kansa.

Na roƙe shi gafara bayan rasuwar Inna. Ya ce, "Haba Yaya, ƙaddara ce." A hankali ya faɗa, kansa a ƙasa, kamar ranar nan a masauki. Wallahi da tsawa ya daka mini, da na fi samun sauƙi.