Ɗan Turmin Yaya Sani

Inna ta tura ƙofar ɗakin Yaya Sani, ta same shi yana niƙa ƙwayar maganin zazzaɓi da wani shuɗin gari a ɗan turmin tangaram. A gidanmu na unguwar Magajiya ne, a shekarun 1990, ya zo hutun jami'a.

Ba ruwa, ba wuta, amma a gabanta haɗin ya koma kore.

Ta ce, "Wa za a ba wannan?"

Ya ce, "Inna, gishirin tagulla ne, niƙan ke haɗa shi da maganin. Makaranta zan kai a auna."

"To me ya sa ka rufe ƙofa?"

Yau Yaya malamin kimiyya ne, amma ko maganin ciwon kai ya miƙo mata, ba ta karɓa. Ku kuna ganin laifinta?