Fatar da Aka Binne a Bayan Gida

Washegarin da na haifi ɗana na fari, likita ya zaunar da mu ni da mijina. Ya ce hanyar fitsarin yaron ba ta kai bakin gabansa ba, ta ɓullo ta ƙasa. Gaban ya ɗan lanƙwashe, fatar da ake yankewa wajen kaciya kuma ta taru a sama kamar hula. Ya ce ana gyarawa, da wannan fatar za su naɗa masa sabuwar hanya idan ya yi ƙwari. Ya yi ta nanatawa har na ƙosa: "Madam, don Allah kada a yi masa kaciya. Kada kowa ya taɓa fatar nan."

Hajiya, uwar mijina, ta zo mana Lugbe taya jego. Tana buɗe masa zani ta ce, "Masha Allah! Ai da rabin kaciyarsa ya zo, ƙarasawa kawai ya rage." Na gaya mata abin da likita ya ce. Ta taɓe baki ta ce likitocin Abuja ba sa rabo da ƙaƙale.

Hutun haihuwata ya ƙare na koma ofis. Wata rana na dawo a gajiye, cunkoson hanyar filin jirgi ya gama da ni, tun daga bakin ƙofa na jiyo wani irin kuka da ban san yarona da shi ba. Ashe Hajiya ta sa an ɗauko mata wanzami daga Dei-Dei. Mijina yana zaune a falo, ya kasa ɗaga ido. Wallahi ban san ina da murya irin wannan ba sai ranar. Na ce, "Hajiya, ina fatar?" Kamar da za a iya mayarwa. Ta ce, "An binne a bayan gida mana, yadda aka saba."

Da muka kai shi asibiti a Gwagwalada, likitan tiyata ya duba, sannan ya ce za su yi da abin da ya rage. Aka yi aiki, aka sa masa robar fitsari, na yi ta gadin hannunsa kada ya fizge. Bayan an cire, ɗinkin ya buɗe, fitsari yana fita ta wuri biyu. Aka sake, ya sake buɗewa. A na baya-bayan nan daga cikin kumatunsa suka yanko fata. Yaron da ke son ƙosai ya koma kunu, shi ma yana sha yana hawaye.

Yanzu ya shiga firamare. Ba ya shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama shi a makaranta, saboda ko ya tsuguna sai wandon ya jiƙe, yara kuma ba su da kara. Hajiya takan bugo waya ta ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Na sani. Amma zuciyata ta ƙi hucewa, kuma na gaji da cewa ta huce.

Da muka koma asibiti kwanan nan, likita ya ce ƙaramar ɓular tana nan, za a sake gwadawa da ɗaya kuncin. Bai ce za a dace ba, ni ma ban tambaya ba. A mota yaron ya dafe kuncinsa. Muna shiga Lugbe ya ce, "Umma, idan wannan ma ya ƙare, a ina za su yanko?"